Wutar da Kakar Tagwaye Ta Ajiye

Tun da safe Auta ta kasa karyawa. Ta zuba shayi ta bar shi a kan tebur har ya huce, tana ta duba waya ko Hedimasta ya aiko cewa an ɗage taron. Bai aiko ba.

Auta ce mai kula da laburaren garin, wani dogon ɗaki da ke manne da katangar makarantar firamare, dab da layin dogo. Layin dogon nan shi ya raba garin gida biyu, gefen tasha da tsallake, kuma kowane gefe da yarensa. Yara kan haɗu a harshen makaranta, amma iyayensu abin da suka sani na yaren juna bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Da can wannan bai dami kowa ba. Sai aka yi rikicin da ya faro daga gardama a kan wurin ajiye motoci a kasuwa, ya ƙare da ƙone-ƙone da jana'iza a kowane gefe. Tun daga lokacin makarantar take rufe, don ba wanda ya yarda ɗansa ya zauna benci ɗaya da ɗan wancan gefen. Yau ne iyaye za su zauna a laburare su duba ko za a buɗe.

"Ki sha ko kurɓi biyu ne," in ji Mama da yaren tsallake, murya ƙasa-ƙasa, duk da cewa su biyu ne a ɗakin.

Mama 'yar tsallake ce, aure ya kawo ta gefen tasha. Baban su Auta ya rasu kafin rikicin. Tun bayan abin da ya faru ba ta ƙara yin yarenta a tsakar gida ba, sai a ɗaki, shi ma sai ta saki labule.

Yaya ya shigo yana goge hannu da tsumma. Bakanike ne, yana da gareji a bayan tasha. Ya gaishe da Mama da yaren gefen tasha. Yanzu ko da wane yare ta yi masa magana, da wannan yake amsa mata.

"Har yanzu kina nan a kan bakanki?" ya tambayi Auta.

"Ba tarona ba ne, Yaya. Ɗaki kawai na bayar."

"Ɗakin da takarda ta cika har rufi. Kin san abin da takarda take yi idan ta ga ashana?"

"Don Allah ka daina."

"Zan zo da yaran gareji, mu tsaya a ƙofa."

"Ba wanda ya gayyace ku."

"Ba gayyata muke jira ba. Idan abu ya ɓaci wa zai fito da ke? Kwamfutar taki?"

Mama ta dube shi, ta dubi Auta, ta ɗauke kofin shayin.

Kwamfutar da yake nufi wata 'yar kwamfutar hannu ce mai haɗe da lasifika, wadda wata ƙungiyar zaman lafiya ta ba laburaren bayan rikicin. A cikinta akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke jin yarukan biyu. Ka yi magana da wannan, ta mayar da wancan, da wata muryar mace da ba ta hawa ba ta sauka. Yara suna kiranta Anti Tafinta. Tun da aka rufe makaranta, laburaren ne kawai wurin da yaran gefen biyu suke zuwa, ko da yake iyayensu sun raba musu ranaku. Auta takan sa su kawo tatsuniyoyin kakanninsu, na'urar ta rubuta ta juya zuwa ɗaya yaren, a buga a takarda a ajiye a kanta. Da haka yaran gefen tasha suka gano cewa kurar da ke cikin labarin kakarsu ita ce dai ke shan wahala a labarin kakannin tsallake. Wani yaro har fushi ya yi, wai an sace musu kura.

Wannan aikin bai taɓa hana Auta barci ba. Na yau ne ya hana ta.

An taɓa gwada irin wannan zama a baya. Tafintan farko ɗan gefen tasha ne, 'yan tsallake suka ce yana ƙara wa magana gishiri. Suka kawo nasu, 'yan gefen tasha suka ce yana haɗiye rabi. Aka tashi baram-baram. Shi ya sa a wannan karon suka gindaya sharaɗi biyu. Na farko, na'ura ce za ta yi tafinta, tunda ba ta da kawu ko suruki a kowane gefe. Na biyu, Auta da take jin yarukan biyu kamar ruwa, kada ta sa baki. 'Yan tsallake suna ganinta 'yar ubanta, 'yan gefen tasha suna ganinta 'yar uwarta.

Da hantsi Hedimasta ya zo su gwada na'urar. Dattijo ne mai ƙiba, kullum da hankici a hannu. Ya sunkuya kusa da lasifikar kamar mai gaishe da surukarsa, ya ce, "Gaskiya yau cikina ya ɗuri ruwa."

Na'urar ta mayar da yaren tsallake. Auta ta tuntsire da dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce wai ka sha ruwa da yawa, Malam."

Shi ma ya yi dariya. Amma Auta ta katse tata dariyar.

"Malam, ka ga abin da nake tsoro ke nan. Idan magana a miƙe take, ba ta kuskure. Da an lanƙwasa ta, sai ta ɗauki fatar ta bar naman."

"Sai mu roƙe su kowa ya yi magana a miƙe."

"Mutumin da ransa ya ɓaci yana magana a miƙe?"

Hedimasta ya goge wuyansa. "'Yata, ba mu da wata. Ita kaɗai suka yarda da ita."

Auta ta jera kujerun a zagaye, a cakuɗe. Da mutane suka fara shigowa bayan la'asar, kowa ya ja tasa zuwa wajen 'yan'uwansa, har aka sami fili a tsakiya mai faɗin tabarma biyu. A nan ta ajiye ƙaramin tebur, ta ɗora na'urar, ta zauna a gefensa. Ta duba cajin. Ta sake dubawa. Fanka ɗaya ce ke aiki, tana juyawa tana kuka.

Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi. Ba ta taɓa lura da haka sosai ba sai yau. Tagogin duk da ƙarafa. Yaya da yaran garejinsa sun tsaya a bakin ƙofar, a cikinsu har da wani dogon saurayi da ake kira Ƙarfe, wanda ƙanensa ya rasa ido a rikicin. Ta tagogin da ke kallon layin dogo kuwa, samarin tsallake ne suka jingina da bango suna leƙe.

Hedimasta ya buɗe taro, ya roƙi kowa ya faɗi abin da ke ransa a fili, ban da habaici, ban da zaurance. Na'urar ta maimaita. Aka gyaɗa kai.

Wani magidanci daga tsallake ya fara. Ya ce ɗansa ya manta yadda ake rubuta sunansa, jiya ya gwada shi, yaron ya zana harafi biyu ya tsaya yana kallonsa. Da na'urar ta fassara, wata mata a gefen tasha ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Tawa ma haka." Na'urar ta mayar da wannan ma. Mutumin ya zauna yana kallon takalminsa.

Aka ci gaba. Wasu maganganun masu zafi ne. Wa zai tsaya a ƙofar makaranta? Wane malami ne zai koyar, na wane gefe? Idan yara suka yi faɗa a filin wasa, wa za a kira? Amma Auta ta lura da wani abu. Mutum zai tashi ya yi magana jijiyar wuyansa a miƙe, sai na'urar ta maimaita da muryar nan tata mai sanyi, sai maganar ta isa wancan gefen ta riga ta huce kaɗan. Kuma dole kowa ya jira ta gama kafin ya mayar da martani. A cikin jiran nan wasu sukan fasa abin da suka yi niyyar faɗa. Hankalin Auta ya fara kwanciya.

Sai Tela ya miƙe.

Ɗan gefen tasha ne, amma a tsallake yake da shago kafin rikicin. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna tabon ƙuna daga gwiwar hannu har wuyan hannu.

"Ni na zauna a cikinsu," ya ce. "Ni na ɗinka wa 'ya'yansu kayan makarantar nan da ake magana. Ranar da abin ya faru, shagona na ci da wuta, na bi ƙofa-ƙofa ina bugawa. Ba wanda ya buɗe. Yanzu ana so in ɗauki 'yata in kai ta ta zauna kusa da 'ya'yan waɗanda suka ji bugun ƙofata suka yi shiru."

Na'urar ta fassara. Gefen tsallake ya ɗauki gunaguni. Daga can baya wata tsohuwa ta dafa kafaɗar na kusa da ita ta tashi. Kowa ya san ta da Kakar Tagwaye. An kashe ɗanta a bakin layin dogo a yammacin ranar rikicin, ita take riƙon tagwayen da ya bari. Shagon Tela a jikin gidanta yake, ita ta ba shi haya.

Ba ta dubi na'urar ba. Ta dubi Tela. Ta yi maganarta gajeriya.

Auta ta ji idonta ya kawo ruwa. A yaren tsallake, idan maƙwabci ya yi tafiya, akan rufe masa garwashi da toka don ya sami abin hura murhunsa ranar da ya dawo. Daga nan maganar ta samo asali. Duk wanda aka yi kewarsa, ake jiran dawowarsa, haka ake ce masa. Ma'anarta, wurinka yana nan, ba mu manta da kai ba.

Kafin Auta ta sauke numfashi, na'urar ta yi magana.

"Ta ce: mun ajiye muku wuta. Tana nan tana jiranku. Duk ranar da kuka dawo za ku same ta."

Kujera ta faɗi. Wata mata ta fizgi jakarta ta nufi ƙofa, wasu suka bi ta. Tela ya tsaya ƙyam, bakinsa a buɗe. Ƙarfe ya ture wanda ke gabansa ya sako ƙafa cikin ɗakin.

'Yan tsallake kuwa ba su san abin da ya faru ba. Sun ji tsohuwarsu ta miƙa hannun alheri, sun ga an tashi ana zage-zage. Su ma suka miƙe. Samarin da ke taga suka kama ƙarafan suna jijjigawa. Na'urar, da muryoyi suka yi mata yawa, ta shiga tsinto kalmomi daga nan da can tana zubarwa da yarukan biyu: "ƙarya", "ku fita", "wuta", "mun sani".

Auta ta dafa tebur. Ta tuna sharaɗin. Ta dubi ƙofa ɗayar nan da mutane suka cunkushe, ta dubi kantocin littattafai. Ta miƙe.

"Ba haka ta ce ba."

Ba wanda ya ji. Ta hau kan kujera ta sake faɗa da ƙarfi.

"Ba abin da take nufi ke nan ba. Na'urar ta yi kuskure."

"An ce kada ki sa baki," wani ya ce.

"Malama, sauko," in ji Tela. Muryarsa ba ta yi sama ba, wannan ya fi ba ta tsoro. "Ni ma na ji kalmar wuta da kunnena. Ko ban iya yarensu ba, wannan kalmar na san ta. A jikina na koye ta."

"Kalmar ce, amma ba ma'anar ba. Cewa take an yi kewarka."

"Dole ki ce haka. Dangin uwarki ne."

Auta ta juya ta yi wa 'yan tsallake bayani da yarensu, da sauri, cewa an juya maganar Kaka ta zama barazana. Kakar Tagwaye ta dafe ƙirji. Amma jin Auta tana yaren tsallake ya ƙara tunzura wancan gefen.

"Ga shi nan, tana kitsa musu abin da za su ce."

Hedimasta yana ta ɗaga hannu biyu, ba mai kallonsa. Auta ta yi tunanin kashe na'urar, ta san da ta taɓa ta za a ce ta ɓoye shaida. Sai ta ɗauke ta ta ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"To, ku bar ni. Ita kuka yarda da ita, ita za mu tambaya. Ku yi shiru ku ji da kunnenku."

Hayaniyar ta ragu kaɗan. Auta ta kai bakinta kusa da na'urar. Ba ta san amsar da za ta samu ba. Idan ta tsaya a kan fassararta, shi ke nan.

"Maganar da Kaka ta yi ta ajiye wuta, tana da wata ma'ana?"

Na'urar ta ɗan yi jim, kamar yadda takan yi.

"Na fassara kalmomin yadda suke. Mai yiwuwa salon magana ne da ban sani ba. Ba ni da tabbas a kan ma'anar. Zai fi kyau a tambayi mai maganar abin da take nufi."

Ta maimaita hakan da yaren tsallake.

Wani ya yi tsaki. "Ita ma ta fara kwana-kwana."

Amma waɗanda suka nufi ƙofa sun tsaya. Ƙarfe, da ya riga ya iso tsakiyar ɗakin, ya juya ya dubi Yaya.

"Oga, ai kai ma nonon yaren nan ka sha. Kai ba ka yi mana ƙarya. Me tsohuwar ta ce?"

Duk ɗakin ya koma kallon Yaya. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu a ƙirji. Auta ta san yana ji. Ta kuma san irin wahalar da ya sha kafin mutanen tasha su daina tuna masa wace ce uwarsa. Idan ya ce bai ji sosai ba, ba wanda zai zarge shi. Ta kasa kallonsa, ta kasa ɗauke ido.

Yaya ya sauke hannuwansa. Ya ratso ta tsakanin kujeru, ya wuce Auta, ya tsallake filin da ke tsakiya, ya durƙusa a gaban Kakar Tagwaye kamar yadda ake durƙusa wa manya. Ya yi mata magana da yaren tsallake. Harshensa ya yi nauyi, ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya ya gyara.

Na'urar da ke hannun Auta ta sanar wa kowa: "Ya ce: Kaka, me kika ajiye masa? Ki faɗa dalla-dalla, yadda yaro zai gane."

Tsohuwar ta share fuska da gefen mayafinta. Ta fara magana a hankali, tana tsayawa, na'urar tana bin ta.

"Ta ce: kan keken ɗinkinsa. Ni da ɗana muka jawo shi ta ƙofar baya kafin rufin ya faɗo. Yana ƙarƙashin gadona."

Tela bai motsa ba.

"Ta ce: na ji bugun ƙofarsa. Akwai mutane a waje da makamai, tagwaye suna bayana suna kuka. Ban buɗe ba. Da aka watse na fito, ban gan shi ba."

"Ta ce: an gyara shagon. Mutum uku sun zo neman haya, na ce da mai shi. Ina share shi. Keken kuma ina sa masa mai don kada ya yi tsatsa. Ban san man da ake sa masa ba, na girki nake sawa."

"Man girki?" in ji Tela, kamar maganar ta kuɓuce masa. "Ai ya daskarar da shi."

Na'urar ta fassara wannan ma. Wani a gefen tsallake ya yi dariya ya toshe baki. Wata a gefen tasha ta taya shi. Tela bai yi dariya ba.

"A tambaye ta," ya ce, "wane iri ne keken."

"Ta ce: baƙi ne, an ɗaure hannunsa da jan ƙyalle. Akwai inda ya fashe a gindi aka like."

Tela ya laluba bayansa ya sami kujera ya zauna. Ya sauke hannun rigarsa, ya ɓalla maɓallin, ya sake ɓalle shi. Bai ce ya gode ba, bai ce ya yafe ba.

Ƙarfe ya daɗe yana kallon Yaya a durƙushe. Sannan ya juya ya fita, biyu daga cikin yaran garejin suka bi shi.

Auta ta sauko daga kujerar. Ta mayar da na'urar kan tebur. Sai a lokacin ta ga yawan kujerun da ba kowa a kansu. Waɗanda suka fita da farko ba su ji bayanin ba. Sun tafi da fassarar farko a bakinsu, kuma kowannensu da waya a aljihu.

Ta raɗa wa Hedimasta. Ya goge fuska ya ce a gama tukuna.

Abin da aka cimma bai kai abin da aka zo nema ba. Za a buɗe azuzuwan ƙanana kawai, a gwada. Iyaye daga kowane gefe za su riƙa tsayawa a ƙofa. Wata mata ta kawo shawarar cewa daga yau, duk maganar da na'ura ta fassara ta yi nauyi, ba mai tashi daga kujerarsa sai an sake tambayar mai ita. Magidancin da ɗansa ya manta rubutu ya ce a zaunar da mutum ɗaya daga kowane gefe kusa da na'urar, kuma tsofaffi su riƙa zuwa laburare suna koya mata irin waɗannan maganganun. Aka amince. Ba wanda ya ambaci sunan Auta a cikin masu zaman, ita ma ba ta nema ba. Aka kuma yarda a tura wa kowa muryar taron da na'urar ta naɗa gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Kafin Auta ta kulle ƙofa, wani guntun muryar ya riga cikakken fita. Wani ya ɗauki muryar na'urar a daidai inda take cewa an ajiye wuta, ya yanke sauran. Maƙwabciyarsu ce ta turo wa Auta, da tambaya a ƙasa: gaskiya ne? Auta ta tsaya a bakin laburare tana tura cikakkiyar muryar ga duk lambar da ke wayarta. Guntun bai kai numfashi uku ba. Cikakken kuwa sai mutum ya zauna. Ta san wanda za a fi saurara.

Suka taho gida tare da Yaya, rana ta yi ja. A bakin tasha masu shayi da direbobi suna ta magana, da suka hango su aka yi tsit. Wani direba da motarsa take garejin Yaya ya taso ya ce gobe zai aiko a ja ta, ya sami wani bakanike. Yaya ya ce to.

"Yaya," in ji Auta da suka wuce.

"Kar ki ce komai."

"Ba godiya zan yi ba. Ƙarfe nake tsoro."

"Ƙarfe a hannuna ya koyi riƙe sifana. Zan same shi." Ya yi 'yan taku. "Idan ya saurare ni."

Washegari Hedimasta da magidancin tsallake suka bi gida-gida da muryar taron. Wasu suka saurara har ƙarshe. Wasu suka ce sun riga sun ji abin da za su ji. Tela bai je ɗaukar kekensa ba, amma an ce ya tambayi wani ko hanyar bayan kasuwa tana biyuwa yanzu. Ƙarfe bai zo gareji ba, wayarsa a kashe.

Ranar da za a buɗe makaranta Auta ta riga kowa zuwa. Ta buɗe tagogin laburare ta tsaya a wadda ke kallon layin dogo. An share filin makarantar, an tara ciyawa a gefe. Hedimasta yana tsaye a ƙofa da ƙararrawa a hannu, iyaye huɗu ko biyar a kusa da shi, kowane gefe a nasa ɓangaren ƙofar.

Daga gefen tasha wata mata ta taho da 'yarta, ta tsaya a gindin wata bishiya ba ta ƙaraso ba. Daga tsallake Kakar Tagwaye ta bayyana, yaro a kowane hannu, kayan makarantar sun yi musu kaɗan. Ta hau tudun duwatsun layin dogo a hankali, tana jan su.

Suna tsakiyar layin wani abu ya fashe da ƙara a bayan kasuwa. Tsohuwar ta durƙushe ta rungume yaran. Matar da ke gindin bishiya ta ja 'yarta bayanta. Auta ta kama ƙarfen taga da hannu biyu. Ba wanda ya motsa.

Sai wani babur ya ɓullo daga kwana yana tari yana fitar da baƙin hayaƙi, mai shi yana tura shi da ƙafa yana zaginsa.

Kakar Tagwaye ta miƙe da ƙyar, ta kaɗe gwiwoyin yaran, ta sauko da su wannan gefen. Matar gindin bishiya ta ɗan ƙara jira, tana duba hanya hagu da dama, sannan ta kamo hannun 'yarta. Hedimasta ya kaɗa ƙararrawa, duk da cewa yaran da ke filin ba su cika benci uku ba.

Can sai ga shi a ƙofar laburare yana haki.

"'Yata, kina da alli? Namu duk ya jiƙe a cikin kabad, ya zama kunu."

Auta ta saki ƙarfen tagar. Tafin hannunta ya yi shatin tsatsa. Ta goge a jikin zaninta, ta ce tana jin akwai ragowar kwali ɗaya a bayan kantar tatsuniyoyi, ta tafi dubawa.